Kwamin Iyon Injiniya Ɗayyabu

Ke Bahijja, wa ya aike ki? Yarinya ba ki kai tsawon taɓarya ba, har kin iya sa ido a kan abin da babba yake sha da wanda ba ya sha. A zamaninmu in dattijo ya ture kofi, sai ki ɗauke kofin ki kama bakinki. Ku kuwa sai kun bi shi da tambaya. Me ya sa Kaka Ɗayyabu ba ya shan zoɓo, me ya sa in ya hango shanun Adda yake sake hanya. Ina ruwanki? To tunda kun tsare ni da idanu, sau ɗaya zan faɗa, kuma in na ji maganar nan a bakin wata a waje, ni da ita ne. Halimatussa'adiyya, janye ƙafarki daga kan tabarmata.

Ɗayyabu ƙanena ne, ni na goya shi, don haka ba mai ba ni labarin halinsa. Shekara talatin da biyar ya yi a ofishin ruwa yana jera takardu, kuma ruwan da ya taɓa a ofishin nan bai wuce na alwala ba. Amma ranar da ya yi ritaya ya dawo Kazaure, sai ga shi da suna Injiniya. Ba wanda ya raɗa masa. Shi ya raɗa wa kansa, ko rago bai yanka ba.

Wata shekara ya bi ayarin masu gaisuwa zuwa Abuja, gidan wani attajiri. A bayan gidan ya ga kwamin iyo, ruwa garau, shuɗi kamar an yanko sama an shimfiɗa. Mai kula da wurin ya fara yi masa bayani, wai ruwan gishiri ne, akwai injin da yake mayar da gishirin ya zama maganin ƙazanta. Duk jimlar da mutumin ya ɗauko, Ɗayyabu ne yake ƙarasa masa ita. Minti biyar suka yi. Ya dawo gida da digiri.

Majalisarsu tana gindin darbejiya, ƙofar shagon Na'Allah tela, wanda yake taubashinsa ne, ɗan kawunmu, bakinsa kuwa ya fi almakashinsa kaifi. Nan Ɗayyabu ya baje babbar riga ya ce, "Jama'a, garin nan an bar mu a baya. Zan gina kwamin iyo na ruwan gishiri a gidana. Daga nan har Babura ba mai irinsa."

Na'Allah ya ce, "Daga nan har Babura ba mai neman irinsa. Kai ka iya ruwa ne?"

"Ni? Ina saurayi sau biyu nake ƙetare dam ɗin garin nan kafin karin kumallo."

"A kan gada ko a mota?"

Aka yi dariya. Ɗayyabu ya ce jahilci ne yake damunsu, za su gani.

Matsala ɗaya ce: bayan gidan ba nasa ba ne shi kaɗai. Matarsa Tasalla ta shekara ashirin tana noma shi. Yakuwa, kuɓewa, zogale, lalle, sai bishiyar lemon tsami da mahaifiyarta ta dasa da hannunta shekarar da aka haifi ɗansu Auwalu. Ɗayyabu ya jira ta tafi biki Gwiwa, ya sa aka fasa katangar baya don mota ta shigo, aka haƙe rabin lambun, aka shafe da siminti. Inda aka fasa katangar ya kafa zana, ya ce na wucin gadi ne. Bayan zanar nan kuwa turken shanun Adda ne, Bafulatana mai tallar nono, da mijinta Sama'ilu.

Tasalla ta dawo da ƙullin kayan biki a kanta, ta tsaya bakin rami.

"Alhaji, ina kuɓewata?"

"Ci gaba ya ci ta."

"To ci gaban ya ƙoshi, ko da saura?"

"Saura lemon can. Nan za a yi rumfar hutawa."

Ba ta yi kuka ba. Tasalla ba ta kuka, ta fi haka haɗari. Ta sauke kayanta, ta yafa mayafi, ta je ta gaishe da Mai'unguwa Salisu, ta roƙe shi ya tako. A tsakar gidan aka yi sharaɗi, ina zaune. Kwana arba'in. Ranar Juma'ar da ta cika, za a jefa wani abu a ruwan. In mai'unguwa ya hango shi daga sama, Ɗayyabu ya sare lemon, filin bayan gidan duka ya zama nasa. In bai hango ba, rami da lambu sun koma hannun Tasalla, kuma ba ya ƙara dasa ko tsinke a wurin.

Tasalla ta ce, "A jefa farin kwano."

Ɗayyabu ya yi dariya har hularsa ta karkace. "Kwano? Raini ke nan. Ranka ya daɗe, allura za a jefa."

Mai'unguwa ya ce, "Alhaji, ta fa yi maka sauƙi."

"Ba na son sauƙi. Allura."

Aka shafa fatiha.

Ranar da motar ruwa ta cika kwamin, wallahi ruwan nan garau yake. Da a ranar aka jefa allurar, har kafarta mai'unguwa zai gani. Da Ɗayyabu ya naɗe hannunsa ya zauna, wataƙila da yanzu babu lemon. Amma ina! Injin ya iso daga Kano a kwali, da ɗan littafi da wata kwalba cike da 'yan takardu sirara kamar tsinken sakace. Sai a tsoma ɗaya a ruwa ta sake launi, a gwada da launukan jikin kwalbar, a san lafiyar ruwan. Ya karanta shafin farko na littafin, ya ce sauran na 'yan koyo ne, ya tokare ƙafar tebur da shi.

Ya hau mota sai kasuwar Babura neman gishiri. Ga farin gishiri nan buhu-buhu, wanda littafin ya ce a sa. Ya wuce shi. Ya tsaya wurin wani Buzu da ya tsallako daga Nijar da kantun gishiri, irin ja-ja ɗin nan mai ƙasa da ake ba dabbobi su lasa.

Ya ce, "Wannan shi ne na asali. Wancan farin duk an wanke masa ƙarfi. Loda min."

Buzu ya ce, "Madalla. Shanu nawa gare ka, Alhaji?"

"Ko ɗaya."

"Raƙuma?"

"Wanka zan yi da shi."

Buzu ya dube shi, ya dubi sama, ya gyara rawaninsa, ya loda.

Ku sani, gishirin da ruwan nan yake so kaɗan ne, kamar na hawaye. Ɗayyabu ya ce shi ba ya yin abu rabi-rabi, in teku ce a yi teku. Ya farfasa kantu da taɓaryar Tasalla ya antaya. Kafin azahar ruwa ya koma kalar kududdufin bayan kasuwa. Injin ya kunna wata 'yar jar fitila yana tsit, tsit, tsit kamar ɗan tsako.

Na'Allah ya leƙo ta saman zana. "Injiniya, me injin yake cewa?"

"Godiya yake yi."

"Ni kuwa sai na ji kamar salati yake."

Kwana uku ruwa bai kwanta ba. Sai ya tuna da alif, wanda ake jefawa a randa in ruwan rijiya ya yi laka. Ɗan ƙulli ake sawa. Shi ya sa kwano biyar. Da safe laka ta kwanta a ƙasa, saman ya washe, ya fito ƙofar gida ba hula yana kiran mutane su zo su ga ilimi. Ya durƙusa a gabansu ya wanke fuska da ruwan. Ya miƙe idanu jajir, hawaye na zuba.

Na'Allah ya ce, "Kuka kake?"

"Farin ciki ne."

Ya tsoma 'yar takardarsa, ta koma ruwan ɗorawa. Ya kai ta nesa da ido, ya kawo kusa, don tabarau ma ya ce na tsofaffi ne. Ya shiga cikin gida yana kaɗa ta.

"Tasalla, ba za ki gane ba, amma fi'ec ɗin ruwan ne ya faɗi."

Tana tsinkar yakuwa, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Wane ne shi?"

"Ba mutum ba ne. Ma'auni ne. In ya yi ƙasa ruwa ya yi kaifi, yana cin ido. In ya yi sama ya yi santsi."

"Au, tsami da kanwa. To ai sai ka ce tsami ya yi yawa. Miyar yakuwa ce. Ka jiƙa kanwa, ka tsiyaye ruwanta, ka sa kaɗan. Ka juya, ka jira, ka ɗanɗana. In bai yi ba gobe ka ƙara kaɗan. Ba a yi mata gaggawa."

Ashe abin da littafin da ke ƙarƙashin tebur ya ce ke nan, Auwalu ne ya karanta mana daga baya. Bature ya cika shafi talatin da abin da kowace amarya take sani kafin ta tare.

Ɗayyabu ya ce, "Ina maganar kimiyya kina maganar miya. Cokali na tukunya ne. Wannan aikin injiniya ne."

Amma kalmar kanwa ta shige shi. Da yamma aka ga mai kura ya sauke buhu guda a ƙofar gida, jar kanwa, ko dakawa ba a yi ba. Ya farke bakin buhun ya tura da ƙafa. Ruwa ya yi wata irin ƙara, shuuu, ya tafasa ba wuta. Washegari kwami fari fat, ba ka ganin ko yatsanka in ka tsoma.

Adda ta shigo da ƙwaryar nono a kanta, ta tsaya turus.

"La'ilaha illallahu. Alhaji, wace saniya ce ta yi wannan?"

"Matakin aiki ne, Adda. Sai ya yi fari kafin ya yi shuɗi."

Ta shaƙi iska. "Kanwa ce da gishirin lasa. Shi ya sa! Kwana biyu ke nan shanunmu ba sa kwanciya, duk sun juya hanci wajen zanarka. Bazara ce fa, rabonsu da kanwa tun kaka. Ka tayar da katangar nan."

"Saniya me ta sani game da kimiyya?"

"Ba ta san ta ba. Kanwa ta sani."

A ranar injin ya daina tsit. Da aka buɗe cikinsa, ƙarafan sun yi farin dutse kamar gindin tsohuwar butar shayi. Ɗayyabu ya ce hutawa yake, injinan zamani suna da hankali.

'Yar takarda yanzu ta koma jar garura, wato kanwa ta yi yawa. Saura kwana goma sha biyu. Ya zauna ya yi tunani irin nasa: in kanwa tana kashe tsami, to tsami yana kashe kanwa. A nan bai yi ƙarya ba. Inda ya yi ƙarya, Roni ya tafi ya ɗauko tsamiya buhu biyu, ya jiƙa a baho, ya juye har da ƙwallaye da ɓawo.

Kumfa ta taso. Ba ƙaramar kumfa ba, ta haura bakin kwami, ta gangaro tsakar gida, ta shiga akurkin kaji. Kaji suka fito da fararen gemu suna kyarkyara. Kwana biyu rana ta dafa abin, sai wari ya tashi, wani tsami-tsami mai ɗaci kamar an manta da gasara mako guda. Ƙudaje suka zo da iyalansu. Bayansu ƙudan zuma.

Maƙwabta suka fara aike. Matar liman ta ce a gaya wa Injiniya shanyarta tana warin kunu. Mai shayin bakin titi ya ce ƙudajen da suka saba zama wurinsa duk sun yi hijira, yana godiya. Ɗayyabu ya fito da rariyar tatar koko ɗaure a gora yana tsame ƙwallayen tsamiya, zuma ɗaya ta sauka a leɓensa na sama ta yi aikinta.

Ya iso majalisa leɓe kamar buhun da ya saya.

Na'Allah ya tsayar da keken ɗinki. "Sannu Injiniya. Wannan ma matakin aiki ne?"

"Ba na magana da tela."

"Ai ko ka so ba za ka iya ba. Kawo leɓen in rage masa kabu."

Saura kwana uku, yana sunkuye yana gwaji, kwalbar 'yan takardun ta suɓuce daga aljihun gaba ta faɗa ruwa a buɗe. Ya bi ta da rariya, ya tsamo takardu duk sun zama launi ɗaya. Ya zauna a bakin kwami ya yi tagumi. Daga inda yake yana hango lemon Tasalla, kore shar, 'ya'ya sun nuna, kamar da gayya.

Tasalla ta fito da kofin gilashi da ɗan ruwan zoɓo a ludayi.

"Alhaji, warin nan ya hana ni cin abinci, don haka zan nuna maka abu ɗaya. Ɗebo ruwan."

Ya ɗebo yana hura hanci. Ta ɗiga zoɓo. Nan take ruwan kofin ya koma kore mai duhu.

"Ka gani? In kanwa ta fi yawa, zoɓo kore yake komawa. In tsami ya fi, sai ya yi ja wur. In sun daidaita, yana tsayawa tsakani. Amma ni a ganina ruwan nan ya mutu. Ka kwashe shi, ka wanke kwamin, ka zuba sabo, ka bar shi haka. Za a ga allurarka."

Ku ji fa. Matar da za a sare wa bishiyar uwarta ita ce take ba shi hanyar cin nasara. Ni dai ban ce da gangan ta yi ba. Amma shekara talatin tana aure da shi, ta san duk abin da ta ce a yi, shi ne abin da ba za a yi ba har abada.

Ya ce, "In kwashe? In zubar da gishirin Nijar, da kanwa, da tsamiyar Roni, a ce Injiniya ya kasa? Wannan dabarar zoɓon ma na san ta, a ofis muke koya wa yara."

Sai wani tunani ya faɗo masa, har ya miƙe tsaye. In ɗigo ɗaya yana nuna lafiyar kofi, to buhu guda zai sa kwamin ya riƙa faɗin lafiyarsa da kansa, kullum, ba sai an gwada ba. Ko a Abuja ba su kai nan ba. Ya tafa hannu ya ce wa kansa, "Ɗayyabu, Allah ya yi maka kai."

Ranar Alhamis ya dafa zoɓo a tukunyar biki ya juye. Ruwa ya koma kamar miyar kuka da ta kwana uku. Ranar Juma'a da hantsi ya ƙara tsamiya a gefe ɗaya don ya gyara, ba injin da zai juya, sai gefen ya yi ja kamar mahauta, ɗaya gefen yana nan kore, tsakiya kuwa wani launi da ban san sunansa ba, ban kuma son in sani.

Bayan an sauko daga masallaci mutane suka cika bayan gidan. Waɗanda aka gayyata ashirin ne, waɗanda suka zo sun fi ɗari, har kan katangar maƙwabta. Mu mata muna daga ƙofar madafa. Ɗayyabu ya fito cikin farar shadda sabuwa, Na'Allah ne ma ya ɗinka, ta sha aiki har ciki. Ya ajiye gatari a jingine da bishiyar lemon, don kowa ya gani.

Adda ta ɗaga murya daga cikinmu. "Alhaji, don Allah a gama kafin la'asar. Sama'ilu yana dawowa da shanu."

Ya yi kamar bai ji ba. Mai'unguwa ya toshe hanci da gefen rawani ya ce, "Alhaji, a Abujan ma haka launinsa yake?"

"Ranka ya daɗe, nasu launi ɗaya ne. Wannan uku ne."

"To a kawo allura."

"Tukuna. Sai na yi wa jama'a bayani."

Ya hau kan bulo ya fara. Ya faro daga ranar da aka ɗauke shi aiki. Ya bi ta kan shugabannin ofis bakwai da duk ba su san darajarsa ba. Ya shiga fi'ec ya fita, ya koma ya sake shiga. Ya ƙetare dam sau biyu, wannan karon da ɗan maraƙi a kafaɗa. Inuwa ta juya, tsofaffi suka fara gyangyaɗi. Shi kuwa jan lokaci yake, yana fata ruwan zai ji kunyar baƙi ya washe.

Da mai'unguwa ya gaji ya ce, "Allura." Na'Allah ya zaro ɗaya daga hularsa, babba, ta ɗinkin buhu, ya ce ya yi wa ɗan'uwansa rangwame. Ɗayyabu ya karɓa, ya zagaya wajen matakala inda ruwan bai kai gwiwa ba, ya sake ta a hankali kan mataki na biyu.

Mai'unguwa ya sunkuya. Ya sa tabarau. Ya cire tabarau. "Ni dai ƙwallon tsamiya nake gani, da wani abu kamar ƙadangare."

"A ƙara dubawa, ranka ya daɗe. Ido sai ya saba."

A lokacin aka ji ƙasa tana motsi.

Sama'ilu yana can baya yana ihu da Fulatanci, sanda a sama, amma wa yake ji? Shanu goma sha bakwai, sun wuni a rana, ga ƙishirwa, ga ƙamshin kanwa da gishirin da suka yi mako biyu suna mafarki. Zanar wucin gadi ta kwanta kamar tabarma. Jama'a suka watse, wani ya bar takalmi, wani ya haye lemon, liman ya tsinci kansa a akurkin kaji. Shanu suka jeru a bakin kwami suka kafa kai, ja da kore duk ɗaya ne a wurinsu.

Ɗayyabu ya buɗe hannuwan riga ya tare gaban wani farin bijimi. "Kai! Fita! Wannan ba mashaya ba ce!"

Bijimin bai yi faɗa ba, ba shi da lokaci. Ya sa goshi ya matsar da shi gefe, kamar yadda nake matsar da ku in kun tare min ƙofa. Gefen kuwa ruwa ne.

Tinjim!

Babbar riga ta buɗe a saman ruwa kamar laima. Daga ƙarƙashinta aka ji murya: "Wayyo! Na nutse! Jama'a a kawo igiya! Tasalla!"

Na'Allah yana kan katanga yana riƙe da ciki. "Mai ƙetare dam! Miƙe tsaye, ruwan iya ƙirjinka ne!"

"Ba ƙasa! Babu ƙasa!"

"Kai ka auna ramin!"

Ya yi ta dukan ruwa, ya sha na ja, ya sha na kore, har Allah ya kai shi matakala. Ya ja jiki ya zauna daɓas a mataki na biyu. Sai ya yi wata ƙara da ta sa shanun kansu suka ɗago kai. Ya yi sama kamar an harba shi, ya dire a waje, hannu biyu a baya.

Shaddar nan da ta shiga fara ta fito kamar an tsamo ta daga marina uku. Ɓawon tsamiya a gemu, furen zoɓo a kunne. Na'Allah ya sauko ya zagaya bayansa, ya kama wani abu ya fizge, ya ɗaga sama.

"Jama'a, ga allura!"

Kun san abin da ɗan'uwan nan nawa ya yi? Yana ɗingishi, ruwa na tsiyaya, ya juya wajen mai'unguwa ya ce, "Ranka ya daɗe, a shaida. An ga allura. Kowa ya gan ta."

Mai'unguwa ya gama kakkaɓe rawaninsa tukuna. "Alhaji, sharaɗi ya ce in hango ta daga sama da idona. Kai kuwa daga ƙasa ka samo ta, kuma ba da ido ba."

Dariyar da aka yi ranar, har mutanen bakin titi suka shigo tambaya ko lafiya. Tasalla ba ta yi dariya ba. Ta ratsa tsakanin shanu, ta ɗauke gatarin daga jikin lemon, ta miƙa wa Sama'ilu ta ce ya sara mata itacen gyaran zana. Sannan ta tsinko lemo biyu ta ce, "Alhaji, shigo in haɗa maka da ruwan zafi, ka sha kanwa da yawa. Kaɗan zan sa. In bai yi ba gobe a ƙara."

Kwana huɗu shanun Adda suna zuwa, Sama'ilu yana surka musu da ruwan rijiya, har suka ga ƙasan kwamin. Tasalla ta wanke shi sau uku, ta tara ruwan sama, ta zuba 'ya'yan tarwaɗa. Ruwan da take canzawa shi take ba kuɓewa da yakuwa, ba ta taɓa tsoma takarda ba, da ido da hanci take ganewa. Injin kuwa yana nan, kaza tana ƙwai a kwalinsa. Shi kuma Injiniya, da ya warke ya koma zama daidai a kan benci, sai ya gaya wa majalisa cewa dama kiwon kifi ya nufa tun farko, gishirin na kashe ƙwayoyin cutar siminti ne. Na'Allah ya ce haka ne, allurar ma rigakafi ce.

Tarwaɗar da kuka ci ɗazu har kuna faɗa a kan kai, daga ina kuke tsammani ta fito? Lemon da aka matsa a kai fa?

To kun ji. Gobe in ya zo gaishe ni, ku durƙusa ku gaishe shi da Injiniya, kuma duk wadda ta kalli inda yake zama ta yi murmushi, sai na saɓa mata. Bahijja, rufe bakin nan, ba sauran tambaya. Ku kwashe kwanukan nan, ku yi addu'a, kowa ta nemi shimfiɗarta. Halimatussa'adiyya, na ce ki tashi min daga kan tabarma.